Kittan a Ƙarƙashin Randa

Ni ce mai ajiye iri a gidanmu. Tun Inna tana da rai ta ɗora mini wannan aiki, wai don ina da bin diddigi. Idan an yi girbin riɗi ni nake zaɓar na shuka, in shanya shi, in gauraya da toka, in toshe bakin tulu da laka. Kafin damina kuma ƙwaya ɗaya ba ta zuwa gona sai na gwada ta. Gwajin ba wuya. A ɗebi cikin tafin hannu, a ƙulle a tsumman buhu, a jiƙa, a ajiye ƙarƙashin randa inda ruwa ke ɗiga. Bayan kwana uku ko huɗu a kwance ƙullin. Iri mai rai zai fito da ɗan farin haƙori, matacce kuwa sai dai ya kumbura ya yi wari. Kakanninmu da suka taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar Makka, suka yada zango a bakin wannan kogi kusa da Rusairis har zangon ya zama gari, da wannan dabara suka zo, kuma ban taɓa ganin ta yi ƙarya ba.

Bayan rasuwar mijina na dawo gida. Inna ta riga ta rasu, 'yan'uwa mata duk suna ɗakunansu, don haka daga ni sai Baba. Ni ce girkinsa, ni ce wankinsa, ni ce mai tuna masa ƙwayar hawan jini. Ba na ƙorafi. Gaskiya ma ina jin daɗin cewa duk abin da zai shiga bakin tsohon nan sai ya bi ta hannuna.

Baba ba ya faɗin ciwo, balle irin wannan ciwo, balle kuma ga 'ya mace. Da shayi na gane. Da safe idan ya ɗauki buta ya nufi bayan gida sai in ɗora ruwa a wuta. Da can kafin ya tafasa ya fito. Sai ya zamana shayin ya tafasa, na juye, ya huce, ya yi sanyi, Baba bai fito ba. In ya fito kuwa goshinsa sharkaf da gumi, yana dafa danga. Daga nan ya fara wanke wandonsa da kansa, mutumin da ko hula bai taɓa wankewa ba. Wata rana na riga shi ɗaukar wandon, na ga jini.

Na matsa masa muka haye Damazin wurin likita. Likitan ya ce ya riƙa cin ganye, ya yawaita shan ruwa. Ya kuma ce idan jinin bai tsaya ba lallai a kai shi Madani, can akwai na'urar da ake duba cikin hanji da ita. Muka dawo gida, na ci gaba da jiƙa masa filasko kamar yadda muka gada. Filasko kuwa ba ya aiki sai ya murɗa cikin mutum kamar ana matse wanki. Yau ya buɗe, gobe ciki ya sake ɗaurewa fiye da jiya.

A Madani ƙanena yake, yana gyaran injinan ban ruwa. Shi kaɗai ne ɗa namiji a gidanmu. Matarsa tana aiki a kantin sayar da magani. Iyayenta Hausawa ne, amma a birni aka haife ta, Hausarta sai an yi mata ciko da Larabci take tsayawa. Ni dai tun zuwanta na farko ba ta kwanta mini ba. Ta zo da ruwanta a gora, kamar ruwan randarmu zai kashe ta. Sannan ba ta san kunyar suruki ba. A wurinmu matar ɗa daga nesa take durƙusawa ta gaida uban miji, kanta a ƙasa. Ita kuwa sai ta zauna a gefen gadonsa na igiya a rumfa, tana ce masa “Yaba” irin na Larabawa, tana riƙe masa hannu wai tana auna jini. Abin haushi, tsohon yana ta dariya. Da muka sauka gonarmu ta bakin kogi, wadda ruwa ke rufewa da damina ya janye ya bar mana laka mai albarka, sai ta tsaya ta ce, “Mashallah, duk wannan na Yaba ne? Daga ina zuwa ina?” Na nuna mata iyaka da baki, na kuma ajiye tambayar a raina.

Da ƙanena ya ji abin da likita ya ce, sai suka fara waƙar a kawo Baba Madani. Kullum a waya maganar ke nan. Ni kuma na yi nawa lissafin. Tsoho in ya bar gari ba ya dawowa, gona kuma in ba mai ita a kusa, sai wanda ya fi wayo ya yi yadda ya so da ita.

Ana cikin haka direban motar haya da ke zuwa daga Sinnar ya kawo mini saƙo, gwangwanin madara an naɗe bakinsa da leda. Ban gama kwancewa ba wayata ta yi ƙara. Matar ƙanena ce.

“Yaya, risala ta iso? Bizrat kittan ne, ya'ni 'ya'yan kittan. Ki daka ya yi laushi sosai, in ba a daka ba yadda ya shiga haka zai fita. Cokali ɗaya kullum a cikin kunu ko nono, kuma ya sha moya, ya'ni ruwa, da yawa. Yana tausasa ciki, ba ya murɗawa irin sanamakka, filaskon nan naku. Har hawan jinin ma yana ɗan taimakawa. Lakin kar ya bar ƙwayoyinsa fa, wannan abinci ne kawai.”

Na ce, “To, an gode. Allah ya saka.”

Na zuba a faifai na fito haske. Wani abu ne kamar riɗi, amma ya fi riɗi tsawo, ja-ja ne mai duhu, sai sheƙi yake kamar an shafe shi da mai. In ka tura yatsa sai ya zame ya nutse. Ga wani ƙamshi mai daɗi yana tashi. Ni ƙamshin ne ma ya fara tayar mini da hankali, don na san abin da ake so a ɓoye shi ake yi wa turare. Shekarata hamsin da ɗoriya ina cikin ƙwayoyi, ban taɓa ganin wannan a gonar kowa ba, daga nan har Dindir. Kuma me ya sa sai yanzu, da aka ga tsohon bai yi saurin amsa kiran Madani ba? Na ce da walakin, goro a miya.

Na watsa wa kaji kaɗan. Suka tsince tas, washegari suka tashi garau, zakaran ma har ya fi kullum surutu. Wannan bai gamsar da ni ba. Kaza kunama ma tana ci ta kwana lafiya. Kuma ni ba guba nake tsoro ba, matar ba mahaukaciya ba ce. Abin da nake tsoro shi ne irin abin nan da ake ba mutum a abinci, zuciyarsa ta juya, ya bi ka kamar raƙumi da akala, ka ce tashi ya tashi, ka ce sa hannu ya sa.

Na jiƙa kaɗan a kofi. Kafin in gama shara na dawo na tarar ruwan ya yi yauƙi, yana ja kamar karkashi. Wace irin busasshiyar ƙwaya ce za ta yi majina a ruwa?

Sai na koma ga abin da na iya. Na ƙulle cikin tafi a tsumman buhu, na jiƙa, na tura ƙarƙashin randa. Kwana uku, babu komai. Na ƙara biyu. Na kwance na tarar da ƙwayoyin sun manne da juna cikin yauƙi, ko ɗaya ba ta tsaga ba, sai tsami suke yi.

Duk da haka ban yanke hukunci ba, ni ba na zalunci. Na ce wataƙila haka irin nasu yake, sai a ƙasarsu yake tsirowa. Ranar kasuwa na shiga mota zuwa Rusairis, na je wurin wani dattijo mai sayar da kayan ƙamshi da saiwoyi. Ban nuna masa nawa ba, kar magana ta fita. Na dai tambaye shi ko ya san wani abu wai shi kittan. Ya miƙa hannu ya sauko da kwalba.

“Ga shi, Hajiya. Mutanen birni sun gano shi yanzu, malamai da ma'aikata ke saye. Maganin ɗaurewar ciki ne, yana kuma rage maiƙon jini. A daka, a sha da ruwa.”

Na ce a raina, ai mai kaya ba ya kushe kayansa. Na sayi ɗan kaɗan. Da na duba sai na ga nasa ya fi nata haske, kuma ba shi da wannan ƙamshin.

Na dawo na yi ƙulli biyu, nata da zare baƙi, na kasuwa da zare fari, na jera su ƙarƙashin randa ɗaya, ruwa ɗaya na ɗiga musu. A kwana na huɗu na kwance. Na kasuwa ya yi yauƙi shi ma, amma ya fito da haƙora farare reras, har wasu sun huda tsumman. Nata kuwa yana nan a mace. Na zauna a ƙasa ina kallon ƙulli biyun nan, kuma Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Ga shi nan, gani ya kori ji. An yi wa irin nan wani abu kafin a aiko shi, abin da ya kashe ransa, kuma shi ake so in ɗura wa ubana.

Akwai abin da ba ni da hujja a kansa, gara in faɗa da bakina. Tunda na ga na kasuwa lafiyayye ne, kuma mutum biyu da ba su san juna ba sun faɗi amfaninsa iri ɗaya, me ya hana in saya in daka wa Baba? Na gaya wa kaina cewa filasko ya ishe mu, da shi iyayenmu suka rayu. Amma gaskiyar ita ce, in ya sha ya ji sauƙi, sunan wa za a kira? Ba na so a ce dabarar 'yar Madani ce ta tashi tsohon da nake ta wahala da shi.

Ban zubar da gwangwanin ba. Irin wannan abu ba a zubar da shi inda wani zai taka ko akuya ta ci, kuma ina so in ajiye shaida saboda ranar da ƙanena zai buƙaci a buɗe masa ido. Na sa shi a tsohuwar tukunyar Inna, na rufe da faifai, na tura can ƙarƙashin gadona.

Duk bayan 'yan kwanaki sai ta kira. A rumfa nake amsawa, don nan ne waya ke kamawa, Baba kuma yana kwance a gadonsa idonsa a rufe, carbi a ƙirji.

“Yaya, Yaba yana shan kittan ɗin?”

“Yana sha.”

“Kina dakawa kuwa? Ya cikin?”

“Ina dakawa. Da sauƙi, alhamdu lillahi.”

“Kwayyis, kwayyis. In ya kusa ƙarewa ki gaya mini.”

Ko ban gaya mata ba, ta san lissafin cokalinta. Gwangwani na biyu ya zo, na uku ya biyo baya. Duk na haɗa su a tukunya. Baba kuwa shayinsa yana ta yin sanyi kowace safiya, wuyan rigarsa yana ƙara faɗi.

Da babbar Salla ƙanena ya zo shi kaɗai, da niyyar ya tafi da Baba. Ya ce matarsa ta yi magana da likitan hanji, an ba su rana, ta kuma gyara wa Baba ɗaki. Na zauna ina jiran in ga yadda za a yi, don na san Baba yana son ɗansa, kuma da can in aka ambaci matar nan har fuskarsa washewa take yi. Sai na ji ya ce, “Ba ni zuwa.”

Ƙanena ya yi lallashi, ya kawo liman, ya kawo aminan Baba. Tsohon ya kafe. Da ya gaji ya juyo kaina, “Yaya, ke ba za ki ce komai ba? Ke yake jin maganarki.” Na ce ni wace ce da zan tilasta wa babba. Ya koma Madani ransa a ɓace, ni kuwa har na ƙara nama a miya ranar. Na lura kuma tun kafin Sallar, in matar ta kira ta ce a ba Yaba su gaisa, sai ya ɗaga carbi ya girgiza kai, in ce mata yana lazimi. Na ce ashe tsohon ma ya gano ta da kansa, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Sai yaƙin da ya ɓarke a ƙasar ya isa Madani. Kwana biyar ba mu ji ɗuriyarsu ba. A na shida da rana tsaka wata babbar mota ta sauke su a bakin hanya, shi da ita da 'ya'yansu mata biyu, ƙura har cikin gashin ido. Ƙafafunta sun kumbura, takalmin ma a hannu ta riƙe shi. Gida guda da kaya, abin da suka fito da shi jaka biyu ne. Na tausaya musu, ban ce ban tausaya ba. Na ɗora ruwan wanka, na dama kunu. Amma ko a lokacin akwai wata murya a cikina da ke cewa, to ga shi sun iso gonar ba tare da sun sha wahalar ɗauke tsohon ba.

Da ta shiga rumfa ta ga Baba sai ta tsaya cak. Ta yi kusan shekara ba ta gan shi ba. Ta durƙusa ta ce, “Yaba,” ya amsa a taƙaice yana kallon danga. Ta fito ta same ni a madafa.

“Yaya, kin ce da sauƙi.”

“Tsufa ne,” na ce.

Ta buɗe jakarta, cikin kayan yara da takardu, ta ciro wata 'yar leda ta miƙo mini. “Na ce nasa ya kusa ƙarewa, kuma ban san yaushe za a sake samu ba.” Kittan ne. Matar da ta bar gadonta da tukwanenta da zinarin aurenta, ta tuna da wannan. Na karɓa, amma sai na ce wa kaina, lallai abin yana da muhimmanci a wurinta, tunda ko a gudu ba ta bar shi ba.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kwana biyu da zuwansu muna gyara ɗakina don ita da yaran su samu wurin shimfiɗa. Na fita shanya tabarma, na dawo na tarar ta jawo tukunyar Inna tsakar ɗaki. Warin ne ya kai ta, don man ƙwayar ya lalace, yana tashi kamar tsohon man gyaɗa. Gwangwani uku a jere a gabanta, biyu ko ledar bakinsu ba a kwance ba. Ta ɗago ta dube ni.

Ni kuwa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Tun ba ta tambaya ba na hau ta da faɗa. Na ce ta ɗauka mu ƙauyawa ne ba mu san komai ba? Na gaya mata yadda na gwada, da ƙulli biyu, da baƙin zare da farin zare, da yadda na kasuwa ya tsiro nata ya ƙi. Na ce, “Ki gaya mini abin da kika yi wa irin nan har ya mutu, kafin in kira mijinki ki faɗa a gabansa.”

Ta daɗe tana kallona kamar ba ta gane Hausar ba. Can ta ce, a hankali, “Soyawa na yi, Yaya.”

“Me?”

“Na soya shi. Sama-sama, a kasko. Ɗanyen yana da gafi, na ce Yaba ba zai so ba. Na ga yana son riɗi soyayye, shi ya sa. Kowane gwangwani da hannuna na soya.” Sai ta zauna daɓas a ƙasa, ta rufe fuska da gyalenta. “Wata tara, ya Rabbi. Wata tara yana wannan azaba.”

Ni da na soya riɗi ya fi buhu ɗari a rayuwata, ni za a gaya wa cewa soyayyen iri ba ya tsirowa? Ko yarinyar da ba ta fara salla ba ta san wannan. Amma riɗi fari ne, in ya ji wuta ana gani. Wannan kuwa da jansa aka halicce shi, kuma a wurinmu ba a aiko wa manomi ƙwaya a soye sai an ce masa ga abin taunawa. Ƙamshin da na kira turare, ƙamshin kasko ne. Da na sa ƙwaya ɗaya a bakina da na gane, amma ina, ai ba na cin abin mayu. Na tsaya a tsakar ɗakin nan, kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona.

Kada a ɗauka na shiryu nan take. Da ta ce na cikin ledar ɗanye ne, ba ta samu sukunin soyawa ba, sai da na saci kaɗan na ƙulle na tura ƙarƙashin randa. Ya tsiro a kwana na huɗu. Ita ba ta jira gwajina ba. A ranar ta wanke fuska, ta ɗora kasko, ta soya a gabana, ta daka a turmina, ta ɗebi cokali ta zuba a bakinta, ta ba 'ya'yanta, sannan ta dama a kunu ta kai wa Baba. Ya karɓi kofin bai sha ba. Ya ɗago ido ya dube ni. Sai da na karɓa na kurɓa na mayar masa, sannan ya kafa kai.

Ba ta gaya wa mijinta ba. Gwangwanayen ma ita ta haƙa rami bayan gida ta binne. Na yi ta jiran ranar da za ta fito da maganar, don a ganina wanda ya riƙe maka asiri ya riƙe maka wuya. Ko gishiri ta ce in miƙo mata sai in ce to, an fara. Ranar ba ta zo ba.

Cokali ɗaya kowace safiya, da ruwa kofi bayan kofi, tana tsaye a kansa sai ya shanye. Ta hana filasko. Kafin mako biyu Baba yana fitowa ya tarar da shayinsa da zafi, ba gumi, ba dafa danga. Har ya fara neman ƙarin tuwo. Abin da ta faɗa game da ƙwayar nan duk gaskiya ne, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Amma jinin bai tsaya ba, ramar ma ba ta tsaya ba. Muka sake kai shi Damazin. Likita ya ce binciken da ake bukata har yanzu sai Madani, Madani kuwa ba hanya, ba a ma san ko na'urar tana nan ba. Ya tambaya me ya sa ba a je ba tun lokacin da ya faɗa. Ƙanena ya ce tsohon ne ya ƙi.

Wata rana da hantsi, ƙanena ya sauka gona, ita kuma ta tafi kogi wanki da yaran, na zauna a ƙasa kusa da gadon Baba. Na ce ina da magana. Na gaya masa komai, tun daga gwangwanin farko har zuwa kaskon. Na ce ya yafe mini wata tara na wahala da na ja masa.

Ya ja carbinsa. Sannan ya ce, “Na sani, ɗiyata.”

“Ka sani?”

“Ina kwance nan kina hwaɗa mata ina sha, ni ko ban ga komi cikin kununa ba. Kunnena bai mutu ba. Sai nic ce, ɗiyag ga ba ta taɓa yi man ƙarya ba, ba ta kuwa yi ma wani banza. Tunda ta ɓoye abin ga, ta ga wani abu ga matag ga wanda ni ban gani ba, tana jin nauyin hwaɗa man. Shi ya sa da ƙanenki ya zo nic ce ba ni zuwa. Ina zan kai kaina gidan da ke ba ki yarda da shi ba?”

Duk tsawon lokacin nan ina cewa gona ce ta riƙe shi, ina cewa ya gano ta da hikimarsa ta manya. Ashe ni yake bi. Na ce, “Baba, da ka tambaye ni.” Ya ce, “Ke ma da kin tambaye ta.”

Sai ya ce in je kogi in kira masa ita. Na tafi na kira ta. Ta zo hannunta da kumfa, ta tsaya daga bakin rumfa, don ta riga ta koyi tsayawa nesa. Ya buga gefen gadon da tafinsa ya ce ta zauna. Ina tsaye ina kallo, ubana mai shekara kusan tamanin ya riƙe hannun matar ɗansa yana roƙon ta gafara, wai ya ƙi amsa gaisuwarta ba da haƙƙinta ba. Bai ambaci sunana ba, ita ma ba ta dubi inda nake ba. Tana kuka tana cewa, “Afu, Yaba, afu, ba komai.”

Ya rasu a farkon damina, da rana, bayan azahar. Har ya tafi ba mu san sunan ciwon da ya ci shi ba.

Ban sani ba ko da ya je Madani a waccan Sallar da an gano abin da wuri, da an yi masa magani. Ita ta fi ni sanin irin waɗannan abubuwa, shekarunta nawa tana ganin takardun likitoci. Sau ɗaya na tambaye ta, ranar sadakar bakwai, muna wanke kwanoni a bayan madafa ba kowa kusa. Na ce ta gaya mini tsakaninta da Allah, da ya je da ya rayu? Ta ci gaba da cuɗa kwanon da ke hannunta, ba ta ɗago ba. Ta ce, “Kwanansa ne ya ƙare, Yaya. Ko ya je haka za a yi.”

Ban yarda da ita ba.